Rediyo da 'Yar Na'urarsa

Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a unguwar. Rediyo kowa ke ce masa, har matarsa idan ya ishe ta. Mai aski ne. A bakin tasha ya fara, da kujerar roba da ɗan madubi a rataye, har Allah ya sa ya kama shago a bakin titi, tsakanin kantin magani da mai gyaran takalma. Kujeru biyu ne a ciki, da dogon madubi mai tabo a gefe, da benci wanda ba ya rasa mutane. Kujerar bakin ƙofa tasa ce, ta ciki kuma ta ƙaninsa, wanda shi ya riƙe shi bayan rasuwar iyayensu, shi ya koya masa riƙon almakashi.

Aski kam ya iya, amma ba askin ke tara mutane ba, bakinsa ne. Daga lokacin da ya yafa maka ƙyalle a wuya har ya karkaɗe maka ƙeya ba zai yi shiru ba, kai ma ba za ka so ya yi ba. Ya iya kwaikwayon muryar kowa: mai gidan haya, ɗan sandan mahaɗa, matarsa idan tana neman mabuɗi alhali yana hannunta. Mai sanƙo ya shigo, sai ya tare shi da, "Ranka ya daɗe, aski za a yi ko goge-goge?" Akwai masu zuwa da kansu tas, su zauna a benci su ce layi suke jira.

Matar tasa a kicin ɗin wata makaranta take aiki. A wurin aski suka haɗu, ranar da ta rako mahaifinta, shi kuma ya yi ta zuba don ya burge ta har ya kwashe wa tsohon rabin gashin baki. Manaja yake kiranta, don a cewarsa shi ƙaramin ma'aikaci ne a gidan, ba a taɓa ƙara masa girma ba. 'Yarsu ɗaya. Bayanta ba su sake samu ba, sai sunan Auta ya bi ta, ko da yake ba ta da yayye.

Na'urar ta zo hannunsa daga wani mai zuwa aski wurinsa da zai bar gari yana rage kaya. 'Yar siririya ce, ba ta cika tafin hannu ba, bayanta ƙarfe mai sheƙi, gabanta gilashi zalla da ake shafawa da yatsa. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka waya ce, amma ba ta ɗaukar layi, ba a kira da ita. Kiɗa take yi da bidiyo da hotuna, in ta sami intanet kuma a zuba mata manhajoji. Ya raɗa mata Sakatariya.

"Tunda akwai Manaja," in ji shi, "dole a sami Sakatariya. Ni dai har yau masinja ne."

Da safe in ya buɗe shago, tun kafin ya share gashin jiya, sai ya jona ta da 'yar sifika a kan kantar shago ya saki tsofaffin waƙoƙi. Mai kantin magani ya ba shi lambar intanet ɗinsa, wanda ke ratso bango in ka tsaya jikin madubi. A nan yake tsayawa ya duba sakamakon ƙwallo da hasashen yanayi, ya sanar wa 'yan benci kamar mai karanta labarai, har da gyaran murya. Ya cika ta da hotunan salon aski. Saurayi ya zauna, sai ya miƙa masa ya ce ya shafa ya zaɓa, "amma ka zaɓi wanda kanka zai iya ɗauka." Akwai wani wasa na jera 'ya'yan itace da ya kamu da shi, yana bugawa in rana ta take babu mutane. 'Yan benci kuma suka gano tana da kyamara. In ya shiga labari sai wani ya zare ta daga kanta ya ɗauke shi bidiyo. Bai taɓa gogewa ba, bai kuma taɓa zama ya kalla ba, don kullum da sabon labari yake tashi.

Ciwon ya same shi yana tsaye bayan wani dattijo, injin aski a hannu, yana tsakiyar labarin yadda akuya ta shiga motar haya. Ya ji hannun dama ya yi nauyi kamar an rataya masa bokitin ruwa. Injin ya faɗi yana ta gurnani a ƙasa. Ya buɗe baki zai ce a yi haƙuri, sai wani sauti ya fito wanda ba nasa ba. 'Yan benci suka fashe da dariya, sun ɗauka akuyar yake kwaikwayo. Sai da ƙaninsa ya hango fuskarsa a madubi, gefe ɗaya ya saki, sannan ya yar da almakashi ya taro shi.

A asibiti likita ta ce hawan jini ne ya jawo, ɓarin dama ya shanye. Ƙafa tana iya dawowa kaɗan in an dage da gashi, hannu sai abin da Allah ya yi. Da ta zo kan batun maganarsa, sai ta kalli Manaja, ba shi ba, ta ce a yi ta addu'a. Yana kwance yana jin komai. Abin da mutane suka daɗe ba su gane ba ke nan, hankalinsa na nan daram. Ya san kowa, yana fahimtar abin da ake faɗa in ba a yi sauri ba. Kalmomin ne in ya miƙa zai ɗauko sai ya tarar ba sa inda ya ajiye su. Ya ga kofi, ya san na mene ne, ya san yana so, amma sunan ya tsaya can nesa ya ƙi zuwa. Aka sa masa biro a hannun hagu, ya zana wasu abubuwa da shi kansa bai gane ba. Haruffa sun zame masa kamar tururuwa a kan takarda.

Kalma ɗaya ta rage masa, ita ce "To." Ita ke fita ko me ya nufa. Yana jin ƙishirwa, to. An taka masa ƙafa, to. Ranar da Auta ta durƙusa gaban gado tana kuka tana cewa, "Baba, ka gane ni?" ya tattara duk ƙarfinsa don ya ce mata ta bar kukan nan, hancinta ya fara zama tumatir, kamar yadda ya saba tsokanarta tun tana ƙarama. Ya ce, "To. To."

Autar ce ta tuna da Sakatariya bayan an sallamo shi. Lokacin ta gama karatu tana neman aiki, ita ke wuni da shi. Mai yi masa gashin ƙafa ta faɗa mata akwai manhajar da aka yi don waɗanda magana ta ɗauke wa. Ta je shago ta ɗauko na'urar a kan kanta, duk ƙurar gashi a jikinta, ta tsaya jikin madubi ta sauke manhajar.

Hotuna ne a jere cikin 'yan akwatuna: kofin ruwa, faranti, gado, banɗaki, fuska a yamutse, hannu a ɗage, alamar kore, alamar ja. Ka taɓa hoto, murya ta faɗi kalmar. Muryar da ta zo da ita ta wani yare ce, don haka Auta ta zauna ta naɗi tata a kan kowane hoto, a hankali, kamar mai koyar da 'yan aji ɗaya. Ruwa. Abinci. Barci. Banɗaki. Ciwo. Taimako. E. A'a. Na gode.

Ta ɗora masa a cinya, ta kama yatsansa na hagu ta kai kan kofi. "Ruwa," in ji muryar Auta daga cikin na'urar. Manaja ta fito daga kicin da gudu riƙe da kofi, rabi ya zube a hanya, tana dariya tana share ido da bayan hannu. Ranar ya sha ruwa har cikinsa ya ɗaure, don kawai ya ga ya faɗi abu an yi.

Murnar ba ta daɗe ba. Nan da nan ya haddace hotunan, ya kuma ga iyakarsu. Babu hoton da zai ce kin yi kyau yau. Babu wanda zai ce labulen can a karkace yake, tun jiya yana damuna. Auta ta ƙara masa wasu, fanka, taga, hotonta, hoton Mama, amma ba ta iya ƙarawa sai abin da ita ta yi tsammanin yana so. Ya gwada haɗa su. Wata rana abinci ya ƙone wa Manaja, ƙauri ya cika gida. Da ta kawo masa, ya taɓa "Abinci," ya taɓa "Taimako," ya kalle ta ta wutsiyar ido. Ta yi tsaye, can ta gane, ta kama dariya har da riƙe ciki.

"Allah ya shirye ka, Baban Auta! Ko a haka ma ba za ka bar ni in huta ba?"

Ya daɗe yana jin daɗin wannan, yana maimaita shi a ransa. Ya yi ta neman wani irinsa bai samu ba. Sauran ranakun ruwa ne da banɗaki.

Haka rayuwarsa ta koma. Da safe a kama shi a tashe shi daga gado, ya ja ƙafa da sanda zuwa kujera mai hannu a falo, kusa da soket. An kawo masa sifikar shago. Waƙoƙi yana gane su da hoton da ke jikinsu, ba da suna ba. Ƙwallo ya daina dubawa, don lambobi ma sun bi haruffa. Wasan 'ya'yan itace ne kaɗai bai canja masa ba, shi ba ya neman kalma. Ya wuce duk matakan da suka gagare shi a da, ba kuma wanda zai yi wa kuri.

'Yan benci sun zo dubiya da farko, rukuni-rukuni. Su zauna su ce "Ya jiki?" da ƙarfi kamar da kurma suke magana, ya ce "To," su ce ai da sauƙi, an gode Allah. Daga nan sai shiru, domin duk shekarun nan shi ne mai maganar, su dariya ce tasu. Rannan wani direba a cikinsu ya tuna da bidiyoyin. Ya ɗauke na'urar daga cinyarsa ba tambaya, ya nemo ɗaya, ya jingina ta da kofi a kan tebur. Ga Rediyo nan cikin gilashi, a tsaye, tawul a kafaɗa, yana kwaikwayon mai gidan haya. Suka taru a kanta suka ba shi baya. Falo ya cika da dariya kamar shago. Shi ma ya kasa kunne. Bai taɓa jin muryarsa daga waje ba, ashe haka take da kauri, ashe haka yake jan ƙarshen magana. Direban ya share ƙwalla ya ce, "Kai, Allah ya jiƙan..." sai ya kama bakinsa. Kowa ya ji. Ba a jima ba suka tashi. Daga baya sai suka riƙa aiko gaisuwa ta bakin ƙaninsa, ita ma a hankali ta ɗauke.

Wata ranar hutu ƙanin ya zo da rana, ya zauna a bakin kujera yana murza mabuɗan shago a hannu. Ya yi ta kewaye-kewaye. Mutane sun ragu. Wani mai sayar da wayoyi yana son wurin. Shi kuma an yi masa tayin kujera a wani babban shagon aski a cikin gari. Abin da aka samu a kayan sai a sa a maganin Yaya. Duk wannan Manaja yake faɗa wa, sai a ƙarshe ya juyo.

"Yaya, ka ji yadda ake ciki. Ka amince?"

Rediyo ya ji kansa ya ɗau zafi. Ba ƙi kawai ya yi ba, yana da shawara. A nemo wani mai aski a ba shi kujerar bakin ƙofa, shi kuma a riƙa kai shi yana zama a benci, ko bai ce uffan ba mutane za su leƙo. Duk wannan na cikin kansa a jere, har da hujjoji. Ya buɗe baki.

"To," ya ce.

"Madalla. Na san za ka fahimta."

Ya lalubo na'urar ya danna alamar ja. "A'a," in ji muryar Auta. Ya sake dannawa. "A'a. A'a. A'a."

Ƙanin ya kalli na'urar, ya kalli yayansa. "Hannunsa ne ke rawa," ya ce wa Manaja ƙasa-ƙasa. "Ai kin ji da bakinsa ya ce to."

"Ka fi kowa sanin ba shi da wata kalma sai ita," in ji ta.

"To ni ya zan yi, matar Yaya? Ki faɗa min. Ni kaɗai nake wuni a wurin nan ina kallon kujerarsa. Duk wanda ya leƙo sai ya ce ina Rediyo, ya juya abinsa."

Ƙanin ya matso kusa. Ya miƙa hannu ya rage ƙarar na'urar ta gefe, ba da faɗa ba, kamar yadda ake rage fanka. Rediyo ya ci gaba da dannawa, alamar ja tana haske, babu sauti. Manaja ta sunkuyar da kai. Bai ga laifinta ba. Ita ke zuwa kantin magani, ita ta san abin da ake ciki.

Bayan an rabu da shagon Auta ta sami aiki a wani gari mai nisa, a ofishin wani kamfanin sufuri. Ta ce ba za ta je ba, ba za ta bar Mama da ɗawainiya ita kaɗai ba. Wannan karon alamar kore ya danna, ya yi ta dannawa yana nuna ƙofa har ta haƙura. Ta tafi. Kullum takan kira a wayar uwarta, a kara masa a kunne, ta ba shi labarin ofis da tsadar gari, ya ce to.

Suka rage su biyu. Manaja takan shirya shi da sassafe, ta ajiye masa ruwa da abinci da bokiti mai murfi a gefen kujera, ta jona na'urar a caji, ta tafi makaranta sai yamma. Da yake ba shi da aiki sai kallo, shi ya fara gani. Takalminta ya daina shigarta, ƙafafun sun kumbura. In ta ɗaga shi sai ta daɗe tana haki. Wata rana ta tsaya a ƙofar kicin ta dafe ƙirji ta rufe ido, ta ɗauka hankalinsa na kan wasa.

Ya taɓa fuskar da ke yamutse. "Ciwo."

Ta zo da sauri. "Ina ke maka ciwo? Kai ne? Ko ƙafar?"

"A'a." Ya taɓa hotonta. "Mama. Ciwo."

"Na ji, ai ga ni. Bari in kawo maganinka."

Ya kama gefen rigarta da hannun hagu, ya saki, ya nuna ƙirjinta da yatsa, ya koma kan gilashin. "Mama. Ciwo. Mama. Ciwo."

Ta dube shi, a idonta ya ga ta gane sarai. Ta gyara masa wuyan riga. "Gajiya ce kawai. In na je suka kwantar da ni, wa zai ɗaga ka? Kada ka kuskura ka tayar wa yarinyar nan hankali." Sai ta yi 'yar dariya, don dukansu sun san ba shi da yadda zai yi ya faɗa.

Ya gwada duk da haka. Da Auta ta kira aka kara masa wayar, ya danna kalmomin biyu da sauri. Auta ta ce, "Mama, Baba yana kiranki, wai yana jin ciwo." Manaja ta janye wayar ta ce yanzun nan ta ba shi magani, sannan ta shiga tambayarta ko an gyara musu famfo.

Ranar da abin ya faru safiya ce ta aiki, unguwa ta watse, yara sun tafi makaranta. Manaja ta zaunar da shi, ta rataya jaka, ta shiga kicin ɗebo masa ruwa. Ya ji kofi ya faɗi, sannan wani abu mai nauyi. Daga kujerarsa yana hango ƙafafunta a ƙofar kicin, takalmi ɗaya ya fita.

"To!" ya ce. "To! To!"

Ya cusa na'urar a aljihun riga, ya dafa sanda ya miƙe shi kaɗai, abin da bai taɓa yi ba tun da ya kwanta. Bai yi nisa ba ƙafar ta ƙi, ya zube. Ya ja jiki da gwiwar hannu a kan siminti har ya kai gare ta. Tana numfashi sama-sama, leɓɓanta sun canja launi. Wayarta ta faɗo daga jaka, ya jawo ta. Sunaye na nan a jere, bai iya karanta ko ɗaya ba. Ya danna koren maɓalli sau biyu don ya kira wanda ta kira a ƙarshe, yana roƙon Allah ya sa Auta ce.

Muryar namiji ta amsa cikin hayaniyar titi. Mai kawo musu gas ne. "Mama, ina kwana? Ai gobe muka yi zan kawo."

Ya ajiye wayar a ƙasa, ya zaro na'urar ya ajiye a gefenta. "Taimako. Mama. Ciwo. Taimako."

"Wa ke magana? Ke yarinya, mayar wa mamanki wayarta, ki daina wasa da ita." Ya kashe.

Ya sake kira, ba a ɗauka ba. Ƙofar waje a rufe take da sakata ta sama, inda ba zai kai ba. Ya ja jiki ya koma wurin kujera, ya jona na'urar da sifika, ya taɓa waƙar da ta fara zuwa hannunsa, ya ƙure ƙara. Waƙar rawa ce mai ganguna da ƙaho. Gilasan taga suka ɗauki karkarwa. Yana buga sanda a ƙafar tebur, yana ihun kalmarsa ɗaya. Amma maƙwabta sun saba da kiɗansa. Waƙa ta ƙare, wata ta shiga, ita ma ta ƙare. Can sai maƙwabciyarsu, wadda jaririnta ya kasa barci, ta zo taga a fusace.

"Haba Baba, don Allah a rage mana..."

Ta ɗaga labule ta gan shi kwance a ƙasa, ta bi inda sandarsa ke nunawa, ta ƙwalla ihu. Sai da aka nemo maza aka ɓalle ƙofa.

Manaja ba ta farfaɗo ba. A asibiti ta cika. Likita ya ce zuciya ce, ta daɗe tana ciwo, da tun watannin baya aka kawo ta da wata maganar ake yi. Auta ta faɗa masa haka tana kuka, tana cewa, "Ba wanda ya sani, Baba. Ba ta faɗa wa kowa ba." Na'urar na kan cinyarsa. Ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya da ido, babu wanda zai ce na sani.

Auta ta tafi da shi garin da take aiki. A can ta yi aure. Mijin mutumin kirki ne mai ƙarancin magana, yana gaishe shi safe da yamma, yana ɗaga shi ba ƙorafi. A saman bene suke, ba a saukowa da shi sai ranar asibiti. Kujerarsa na fuskantar taga, tagar na fuskantar bangon wani gini mai bututun ruwa. Ƙaninsa ya zo sau ɗaya, ya zauna ya kasa haɗa ido da shi, ya koma a ranar. Kiɗa kuwa tun daga safiyar nan bai sake sakawa ba. Batirin na'urar ya gaji, ba ta aiki sai a jikin caja, gilashin ya tsage a kusurwa. Ruwa, banɗaki, na gode, sai wasan 'ya'yan itace in ya gaji da kallon bango.

Suka haifi 'ya mace. A gabansa ta yi rarrafe, ta yi tafiya, ta fara magana, kafin a ce me ta wuce shi. Kaka To take kiransa. Ita kaɗai ce ba ta ɗaga murya in tana masa magana, ba ta kuma jiran amsa. Takan hau cinyarsa ta ƙwace na'urar, shi kuma ya bar mata. Wata rana ta danne yatsa a kan gilashin, hotunan manhajojin suka fara rawa. Ta kyalkyale da dariya, ta riƙa taɓa su tana danna duk abin da ya fito, suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Yana kallo, ya kuma san abin da ke faruwa. Hannunsa na hagu na nan kusa, da ya so da ya karɓe. Bai karɓa ba.

Auta ta kai na'urar wurin mai gyara. Ya ce ta tsufa, manhajar maganar da aka goge ta daina karɓar irinta, babu yadda za a sake saukewa. Ta dawo da sabuwar waya a kwali, babba, ta zauna a gabansa ko jakar aiki ba ta sauke ba.

"Dubi, Baba. Wannan hotunanta ba iyaka, har jimla take haɗawa. Za ka iya cewa kana kewar wani, za ka iya cewa abu ya ba ka dariya. Duk abin da kake so ka faɗa min yana nan ciki."

Ta ɗora masa a cinya ta kama yatsansa. Ya zare a hankali. Ta sake kamawa, ya sake zarewa. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka ta ce ko don ita ya taɓa ɗaya. Ya ga gajiyar da ke fuskarta, ya so ƙwarai ya yi mata. Amma ya duba cikin ransa ya rasa abin da yake so ya faɗa wa kowa.

Har yanzu yana nan. Wayar na kan tebur a gefensa, Auta na caja ta kowace safiya kafin ta fita, ta dawo ta tarar da ita yadda ta bar ta. In yana son ruwa kofin yake nunawa. Matar da aka ɗauka tana wuni da shi ta ce a duk tsofaffin da ta kula da su ba ta taɓa samun mai sauƙi irinsa ba, ba ya neman komai, ba ya damun kowa.